Lu'ulu'un Takarda: Sharhi Kan Hannun Jarin Ƙananan Kamfanonin Lalube

Yau maganar kuɗi za mu yi, da maganar dutse mai daraja, da abin da ke samun mutum idan aka haɗa masa su biyun a fuskar waya aka ce ya danna ya saya.

Akwai wasu ƙananan kamfanoni, galibinsu a Kanada da Ostareliya da Ingila suke da rajista, waɗanda ba su da mahaƙa, ba sa sayar da komai, ba su taɓa cin ribar ko sisi ba. Abin da suka mallaka shi ne lasisin lalube a wani yanki na daji, da ofis, da 'yan ma'aikata, da fatan cewa akwai lu'ulu'u a ƙarƙashin wannan ƙasa. Hannun jarinsu na da arha, sau da yawa bai kai dala ɗaya ba, wani ma 'yan kwabbai ne. A da sai wanda yake da dillali a Vancouver ko Landan ke iya saye. Yanzu kuwa, da manhajojin waya, matashi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana iya kaiwa ga wasu daga cikinsu, tallar kuma tana iske shi har ɗaki ta WhatsApp da Telegram. Shi ya sa na ga ya dace mu warware wannan harka tun daga tushe, kafin ta ci kuɗin wani daga cikinmu.

Bari mu fara da labarin da masu talla suka fi son bayarwa. Gaskiya ne, kuma ba zan rage masa komai ba.

Wasu masana duwatsu biyu 'yan Kanada, Chuck Fipke da Stewart Blusson, sun shafe kusan shekara goma suna yawo a arewacin ƙasarsu, wurin da ba hanya, ba gari, sai tafkuna da sanyi mai tsanani. Ba lu'ulu'u suke tsinta ba. Yashi suke ɗiba a buhuna, su kai ɗakin gwaji su tankaɗe, suna neman wasu ƙananan tsakuwoyi ja da kore da baƙi waɗanda kan fito daga irin dutsen da ke ɗauke da lu'ulu'u. Ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasar shekaru dubbai da suka wuce ita ta ja tsakuwoyin ta watsa su nesa da inda suka fito, su kuma suka riƙa bin sawu a baya, ɗaruruwan kilomita, har suka isa kusa da wani tafki mai suna Lac de Gras, kimanin kilomita 300 arewa maso gabas da garin Yellowknife. A watan Nuwamba na 1991, ƙaramin kamfanin Fipke mai suna Dia Met tare da babban abokin aikinsa BHP suka ba da sanarwar cewa sun sami ƙananan lu'ulu'u 81 a cikin dutse mai nauyin kilo 59. Hannun jarin Dia Met da a baya bai kai dala ɗaya ba ya yi ta hawa har ya haura dala 60 ta Kanada. A 1998 aka buɗe Ekati, mahaƙar lu'ulu'u ta farko a ƙasar. Mutanen da suka sayi Dia Met tun yana arha suka kuma riƙe, da yawansu sun yi arziki na gaske.

Wannan shi ne rabin labarin. Ɗaya rabin, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne abin da ya biyo bayan sanarwar. Kamfanoni masu ɗimbin yawa suka ruga arewa da jiragen sama masu saukar ungulu suna kafa turaku suna kama filaye. Wasu da jiya zinariya suke nema, yau sun koma neman lu'ulu'u. Kusancin filinka da na Dia Met kaɗai ya isa ya ɗaga farashin hannun jarinka a kasuwar Vancouver. Daga cikin wannan tururuwa duka, 'yan ƙalilan ne suka kai ga wani abu. Fitacce a cikinsu shi ne Aber, wanda wata matashiyar masaniyar duwatsu, Eira Thomas, ta jagoranci ayarinsa suka gano abin da ya zama mahaƙar Diavik a 1994. Ku riƙe sunan wannan baiwar Allah, za mu sake haɗuwa da ita. Sauran kamfanonin, mafi yawansu sun ƙone kuɗin jama'a sun ɓace.

Me ya sa haka? Dole sai mun leƙa ƙarƙashin ƙasa kafin mu gane.

Lu'ulu'u yana samuwa ne a can ƙasa da nisan kilomita 150 ko fiye, inda zafi da matsi suka kai matuƙa. Abin da ke fito da shi sama wani irin aman wuta ne na zamanin da, wanda ya bar dutse mai siffar bututu da ake kira kimbalait, sunan da ya samo daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu. An gano dubban irin wannan bututu a duniya. Da yawansu babu lu'ulu'u a ciki ko ƙwaya ɗaya. Waɗanda suke da shi, galibi bai kai a haƙa ba. Abin da masana ke yawan faɗa shi ne kusan ɗaya ne cikin ɗari yake zama mahaƙa. Don haka idan ka ji kamfani ya fitar da sanarwa yana murnar ya huda ƙasa ya taɓo kimbalait, ka tuna da abin da Bahaushe ya ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga kuma inda lu'ulu'u ya bambanta da zinariya, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Zinariya farashinta ɗaya ne a duniya, kullum ana faɗarsa a labarai. Idan aka ce tan ɗaya na dutse yana da giram kaza na zinariya, kowa yana iya lissafin kuɗinsa. Lu'ulu'u ba haka yake ba. Kowace ƙwaya da nata farashin, gwargwadon girmanta da launinta da tsabtarta da siffarta. Ana auna shi da karat, karat biyar ne giram ɗaya. Bututun da ke ba da karat ɗaya a kowane tan ana ɗaukarsa mai albarka, wato a fasa tipa guda mai tan goma a sami giram biyu. To waɗannan giram biyun, nawa ne kuɗinsu? Mahaƙar Argyle ta Ostareliya, wadda aka rufe a 2020, ta yi shekaru tana cikin waɗanda suka fi fitar da yawan lu'ulu'u a duniya, amma mafi yawansa ƙanana ne masu ruwan ƙasa da ba su da tsada, in ban da 'yan ƙalilan masu ruwan hoda. Mahaƙar Letseng ta ƙasar Lesotho kuwa, a tan ɗari na dutse ba a samun karat biyu, amma duwatsunta manya ne farare, har ta yi suna a matsayin wadda karat ɗinta ya fi na kowace mahaƙar kimbalait tsada. Yawan ƙwayoyi bai gaya maka komai ba.

Masu sauraronmu na Akwatia a Ghana, inda aka yi kusan shekara ɗari ana haƙar lu'ulu'u, sun fi ni sanin wannan. Babu ɗan kasuwar da zai yi wa dutse kuɗi bai riƙe shi a hannu ya duba shi da madubi ba. Amma mai sayen hannun jarin kamfanin lalube, abin da yake yi ke nan: yana yin ciniki kan duwatsun da ko kamfanin bai gani ba.

Domin ƙwayoyin da ake ƙirgawa a sanarwar farko, galibi ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai rabin milimita ba, sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsu, kuma ba mai sayensu. Alama ce kawai. Kafin a san ko akwai manya, kuma nawa za su yi a kasuwar lu'ulu'u ta Antwerp, sai an haƙo dubban tan na dutse, an fasa, an wanke, an tara dubban karat, an kai wa masu kimantawa. Wannan aiki yana cin shekaru da miliyoyin daloli. Tsakanin ranar da aka ce an ga alama da ranar da aka san gaskiya, babu abin da ke motsa farashin hannun jari sai jita-jita da zumuɗi. A wannan tsakanin ne ake cin ƙananan masu zuba jari.

An ga haka ƙarara a 1994. Akwai wani bututu a yankin na Lac de Gras da ake kira Tli Kwi Cho, mallakar wasu ƙananan kamfanoni tare da babban kamfanin Kennecott. Gwajin farko ya yi kyau, kasuwa ta ɗauka an sami Ekati ta biyu, farashi ya yi sama. Aka haƙa rami a ƙarƙashin tafki aka ɗebo babban samfur. A watan Agusta sakamako ya fito, lu'ulu'un bai kai abin da aka zata ba, ko a yawa ko a daraja. A yini ɗaya hannayen jarin suka zube, suka ja sauran kamfanonin lu'ulu'u na kasuwar Vancouver suka faɗi tare, ɗaruruwan miliyoyin daloli suka narke. Ba wanda ya saci kuɗin nan. Ƙasa ce ta ba da amsarta. Bayan shekara goma wani kamfani ya koma wurin ya sake gwaji ya sami sakamako da ya fi na farko, amma har yau ba a buɗe mahaƙa a can ba.

Yanzu sai mu tambaya, kamfanin da ba ya sayar da komai, da me yake biyan injin haƙa da jirgin sama da albashin shugabanni? Amsar ɗaya ce: yana buga sababbin hannayen jari ya sayar. Hajarsa ke nan. A misali, ka sayi hannun jari miliyan ɗaya a kamfanin da yake da miliyan ɗari, kana da kashi ɗaya cikin ɗari. Kuɗi suka ƙare, aka buga wasu miliyan ɗari, rabonka ya koma rabi. Baɗi aka sake, baɗin baɗaɗa aka sake. Ko da an dace a ƙarshe, abin da ya rage maka ɗan kaɗan ne. Sababbin hannayen kuma ba a kasuwa ake fara sayar da su ba. Manyan masu kuɗi da na kusa da kamfani ake ba su a keɓe, sau da yawa da rangwame, har da takardar damar ƙara saye nan gaba a tsohon farashi. A Kanada doka kan hana su sayarwa sai bayan wata huɗu. Mai hankali yakan lura da abin da ke faruwa idan wata huɗun nan ya kusa cika, ko sanarwa masu daɗi sun yawaita, ko tallar ta ƙara zafi. Wanda ya saya da rangwame yana buƙatar wanda zai sauke wa kaya, kuma sau da yawa wannan mutumin shi ne wanda aka turo wa saƙo a waya.

Wani zai ce, to, sai in zaɓi kamfani na gaskiya, mai lu'ulu'u na gaskiya, wanda har zai kai ga buɗe mahaƙa. Ina roƙon mai wannan tunani ya saurari abin da zan faɗa yanzu da kyau, domin ya fi labarin 'yan damfara tayar mini da hankali.

Kamfanin Tahera ya yi duk abin da ake so. Ya gano, ya gwada, ya sami izini, ya buɗe mahaƙar Jericho a yankin Nunavut na Kanada a 2006. Sai dai a can hanyar kai man fetur da kayan aiki kan ƙanƙarar tafkuna take bi, kuma kimanin wata biyu take yi a shekara. Shekarar da suka fara, sanyi bai kai yadda aka saba ba, hanya ta narke da wuri. Dalar Kanada ta yi tsada, ga shi da dalar Amurka ake sayar da lu'ulu'u. A farkon 2008 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Shekara biyu ba ta cika ba. Ga Stornoway, wanda ya tara kusan dala biliyan ɗaya ta Kanada ya gina mahaƙar Renard a lardin Quebec, aka buɗe a 2016 da biki. Sai aka tarar injin fasa dutse yana farfasa lu'ulu'un da kansa, farashin ƙananan duwatsu kuma ya sauka. A 2019 masu bin bashi suka karɓe mahaƙar, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. A 2023 aikin ya sake tsayawa, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Ko De Beers, uban tafiyar wannan sana'a tun 1888, ya sayi ƙaramin kamfanin Winspear a 2000 saboda filin Snap Lake, ya gina mahaƙa ya buɗe a 2008, ruwa ya yi ta kwarara a ramin, a 2015 ya dakatar da aiki. Idan De Beers da masanansa suna iya yin lissafi ya ƙi, ina ga wanda iliminsa na dutse bai wuce abin da aka rubuto masa a saƙo ba?

Ku sani, idan kamfani ya karye, banki da masu bin bashi ne a gaba. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, kuma galibi kafin a zo kansa tukunya ta ƙare.

Na ce ku riƙe sunan Eira Thomas. Tana cikin waɗanda suka kafa Stornoway, ko da yake ta bar shi shekaru kafin ya faɗi. Tana kuma cikin waɗanda suka kafa Lucara, kamfanin da ya sayi wani bututu a Botswana da De Beers ya gano tun da daɗewa bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Wurin ya zama mahaƙar Karowe a 2012, ya kuma ba duniya mamaki. A 2015 aka ciro dutse mai karat 1,109 da aka sa wa suna Lesedi La Rona, aka sayar da shi dala miliyan 53 a 2017. A 2024 aka ciro wani mai karat 2,492, na biyu a girma cikin masu daraja da aka taɓa samu. Ƙwararriya ɗaya, kamfani biyu, sakamako biyu mabambanta. Kuma duk da waɗannan manyan duwatsu, hannun jarin Lucara da ya yi tashe a 2016 ya faɗo ƙasa da dala ɗaya a shekarun baya, saboda tsadar haƙa ta ƙarƙashin ƙasa da bashi da faɗuwar kasuwa. Na kawo wannan ne don a gane cewa ƙwarewa da gaskiya ba su isa su tabbatar wa mai hannun jari riba ba.

To, balle a zo ga marasa gaskiya. Damfara da sunan lu'ulu'u tsohuwa ce. A 1872 wasu mutum biyu, Philip Arnold da John Slack, suka sayo duwatsu marasa tsada suka barbaɗa a wani fili a Kolorado, suka yaudari manyan masu banki na San Francisco, har sai da masanin duwatsu Clarence King ya je wurin ya tona asirin. Wannan ta zamanin doki ce. Ta zamanin intanet ita ce ta kamfanin CMKM Diamonds, mai ofis a Las Vegas, wanda ya ce yana da filaye masu faɗi a lardin Saskatchewan na Kanada. Hannun jarinsa ya yi arhar da dala ɗaya tana sayen dubbai, mutum ya ba da kuɗi kaɗan ya ga miliyoyi a asusunsa, ya fara lissafin abin da zai samu idan kowane ɗaya ya kai kwabo. Aka riƙa tallarsa a wuraren tseren motoci da zaurukan hira. Hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta soke rajistarsa a 2005, a 2008 ta shigar da ƙara tana cewa an buga hannayen jari fiye da biliyan 600, an sayar wa mutane kusan 40,000, an kwashe fiye da dala miliyan 64. Abin tausayi, da yawa daga cikin waɗanda aka cuta sun yi shekaru suna jiran wani babban biya da suka gaskata yana tafe, suna faɗa da duk wanda ya ce musu kuɗin sun tafi. Mu da muka ga damfarar MMM a 2016 mun san wannan ciwo. Shi kansa yankin da aka yi tallar da sunansa, Fort à la Corne, yana da kimbalait na gaske da aka gano tun ƙarshen shekarun 1980, kamfanoni na ƙwarai sun zuba kuɗi masu yawa a can, amma fiye da shekara talatin ba a buɗe mahaƙa ba.

Akwai kuma wadda ta faru a maƙwabtanmu. A watan Disamba na 2010 ma'aikatar harkokin wajen Koriya ta Kudu ta fitar da sanarwa cewa wani kamfanin ƙasar, CNK, ya sami izinin haƙar lu'ulu'u a Mobilong, can gabashin Kamaru kusa da Yokadouma, kuma an ƙiyasta wurin yana da karat miliyan 420. Wannan adadi ya ninka abin da duniya baki ɗaya take haƙowa a shekara fiye da sau biyu. Da yake gwamnati ce ta faɗa, mutane suka yarda, hannun jarin ya ninka sau da yawa cikin 'yan makonni. Daga baya hukumar binciken kuɗi ta Koriya ta gano babu gwajin da ya tabbatar da adadin, jakadan da ke kula da harkar albarkatu ya rasa muƙaminsa a 2012, ko da yake kotu ta wanke shi daga baya. An cire kamfanin daga kasuwa. Ƙananan masu zuba jari a Seoul suka yi asara, mutanen Mobilong kuma ba su ga arzikin da aka yi ta yayatawa da sunan garinsu ba. Hoton shugaban kamfani da minista, ko takarda mai hatimin gwamnati, shaida ce ta cewa an ba da izini. Ba shaidar abin da ke cikin ƙasa ba ce.

Kan duk wannan, ga wani sabon nauyi da bai kasance ba a zamanin Fipke. Yanzu ana ƙera lu'ulu'u a masana'anta, musamman a Sin da Indiya, cikin 'yan makonni, kuma lu'ulu'u ne sak, sai da na'ura ake bambanta shi da na ƙasa. A 2018 De Beers da kansa ya fara sayar da irinsa da sunan Lightbox kan dala 800 kowane karat. Farashin ya ci gaba da zubewa har kamfanin ya sanar a 2025 cewa zai rufe wannan reshe. Matasa da yawa a Amurka, inda aka fi sayen zoben aure na lu'ulu'u, sun koma wa na masana'anta, farashin na ƙasa ya sauka sosai tun daga 2022. A 2024 kamfanin Anglo American, mai mafi yawan hannun jarin De Beers, ya ce zai rabu da shi. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin lalube yau, ko an dace, mahaƙar ba za ta fara aiki ba sai bayan shekara goma ko fiye, kuma ba mai iya ce masa ga yadda kasuwa za ta kasance a lokacin.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina ganin girman masu lalube. Botswana ta tashi daga cikin ƙasashe mafi talauci ta gina makarantu da asibitoci ne saboda wasu sun yi haƙurin bin yashin Kalahari har suka gano Orapa a 1967. Aikin yana buƙatar masu kuɗin da za su ɗauki kasada. Amma masu yin sa da ilimi suna raba kuɗinsu a kamfanoni da yawa, sun san mafi yawansu za su mutu, suna da masanan da ke karanta musu rahoto, kuma abin da suka zuba ba ya hana su barci. Malamin makaranta da ya karɓi garatutinsa, ko mai shago da ya ɗauki jarinsa, ko uwa da ta kwashi adashinta, ba a wannan matsayi suke ba. Mun ga abin da ya faru a Najeriya a 2008, lokacin da mutane suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, kasuwa ta faɗi, bashi ya rage a wuyansu. Waɗancan ma kamfanoni ne masu rassa da ma'aikata da ake gani da ido.

Akwai kuma ɓangaren amana, wanda ya fi damuna. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, da kuma najashi, wato kambama farashi don a ruɗi wani ya saya. Hukuncin kowane ciniki a wurin malamai yake, a je a tambaye su. Amma ɗan'uwa, idan ka sayi irin wannan hannun jari, sannan ka shiga zauren 'yan'uwa da abokai kana yabonsa don farashi ya ɗaga ka sayar ka fita, ka san a ranka cewa ribarka daga aljihun wanda ya yarda da kai za ta fito. Kamfanin bai samar da komai ba tsakanin sayenka da sayarwarka. Kuɗi ne kawai suka tashi daga hannun wanda ya makara zuwa hannun wanda ya riga shi.

Wanda ya nace sai ya shiga, to aƙalla ya nemi amsa kafin ya biya. A Kanada, tun bayan badaƙalar zinariya ta Bre-X a 1997, an kafa doka cewa duk bayanin ma'adinai sai ƙwararren da za a iya kama shi da laifi ya sa hannu, kuma rahotannin kamfani suna nan a buɗe kyauta ga kowa. Ya buɗe ya ga tan nawa aka gwada, karat nawa aka tara, wa ya kimanta su, kuma dala nawa aka yi wa karat ɗaya. Ya ga kuɗin da ya rage a asusun kamfani, ya kwatanta abin da ake kashewa a daji da abin da ake kashewa a albashi da talla. Ya ga yawan hannayen jarin bara da na bana. Idan kamfanin ba ya cikin wata kasuwa mai doka, ko wanda yake tallar ba shi da rajista da hukumar kula da hannayen jari ta ƙasarka, ko aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, maganar ta ƙare a nan. Idan kuma ka buɗe rahoton ka ga ba ka fahimtarsa, wannan ma amsa ce.

Jama'a masu sauraro, roƙona gare ku shi ne, kuɗin makarantar yara da kuɗin haya da jarin sana'a da fanshon tsufa, kada ko naira ɗaya daga cikinsu ta shiga wannan harka, kuma kada a ci bashi dominta. Wanda aka turo wa irin wannan talla, don Allah kada ya tura wa wani. Iyaye da yayye, ku zauna da matasan gidanku ku tambaye su abin da suke saye a waya, cikin lalama, tun kafin a zo muku da labarin asara.